Tabar Wiwi da Gigin Tsufa: Tarihin Wani Magani da Bai Iso Bakin Kwara Ba

Toumboutou ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville, a jihar Alibori da ke ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin. Sauran huɗun su ne Garou da Guéné da Madécali da Malanville kanta. Kada ɗalibi ya rikita ta da Tumbutu ta ƙasar Mali, birnin malamai, domin kamar suna kawai suka yi. Wannan ƙasar Dendi ce, ƙasar noman shinkafa da albasa da kamun kifi a kwarin kogin Kwara. Garin Gaya na Nijar yana tsallaken ruwa, Kamba da Illo na jihar Kebbi kuma ba su da nisa. Dendawa da Fulani da Zabarmawa ne mafi yawan mazauna yankin, amma Hausa tana da ƙarfi a kasuwar Malanville, wadda ke cikin manyan kasuwannin Benin, kuma ta bakin Hausa ne labarai da kaya masu yawa suke ƙetare iyakokin nan uku.

A irin wannan ƙasa, kamar yadda yake a Kano ko Maraɗi, akwai gidajen da magariba takan zame musu lokacin fargaba. Tsohuwar da ta wuni lafiya tana gyangyaɗi a inuwa, da rana ta yi ja sai ta miƙe ta ɗaure tsummokaranta, ta ce za ta tafi gida, alhali a gidan ta yi aure, a nan ta haifi duk 'ya'yanta. Idan aka tare ta sai ta yi faɗa, ta zagi jikar da ta fi so, ta ce an sace mata kuɗi. Tsohon da aka sani da kawaici yakan kwana yana buga ƙofa, yana kiran sunan wanda ya shekara talatin a kabari. Mantuwa ita ce tushen cutar, amma ba ita ke karya masu jinya ba. Abin da ke hana gida barci shi ne wannan rikicewa: yawon dare, ihu, duka, zargi, da ƙin wanka ko abinci. Ita ce likitoci a wasu ƙasashe suke gwada magance ta da sinadaran da aka tato daga tabar wiwi, kuma gwajin ya girmi yadda ake zato ƙwarai.

Suna da ƙidaya

Hausa ba ta rasa sunan wannan hali ba. Ana cewa gigin tsufa, ana cewa rikicin tsufa ko ruɗewa, kuma a 'yan shekarun nan kafofin watsa labarai sun ƙara da cutar mantuwa. Abin lura shi ne sunayen na dā duka sun jingina halin ga tsufa, wato sun ɗauke shi matakin rayuwa irin furfura da faɗuwar haƙora. Ba a kiransa hauka, saboda hauka abin kunya ne ga dangi, gigin tsufa kuwa abin haƙuri ne. Wannan fahimta tana da madogara a karatun addini, domin surorin Nahli da Hajji sun yi magana a kan wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin shekaru har ya rasa abin da ya sani. Alherin wannan kallo shi ne ya tsare mutuncin tsoho, ya bar shi a cikin iyalinsa. Illarsa ita ce abin da ba a ɗauka cuta ba, ba a kai shi asibiti. Idan kuma rikicewar ta yi tsanani, musamman da yake takan taso da almuru, lokacin da ake hana yara fita saboda iskoki, sai a fassara ta da shafar aljanu, a nufi malamin ruƙiyya ko 'yan bori, ko masu holle a wajen Dendawa da Zabarmawa. Mafi munin fassara ita ce maita, wadda takan faɗa kan tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata.

A Turai ma sai a farkon ƙarni na 20 aka ware halin a matsayin cutar ƙwaƙwalwa mai alamomi a cikin nama. A shekarar 1901 likita Alois Alzheimer ya fara duba wata mata mai suna Auguste Deter a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus, kuma a 1906, bayan rasuwarta, ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwarta. Abin da ya kai ta asibiti ya haɗa da zargin mijinta, da jan kayan shimfiɗa tana yawo da su, da ihu na tsawon sa'o'i. Ashe tun daga majinyaciya ta farko rikicewa tana tafe tare da mantuwa.

Ƙidayar masu cutar a Afirka ta Yamma ta makara. A 1992 aka fara wani babban bincike na kwatanta Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatan birnin Indianapolis na Amurka, ƙarƙashin Hugh Hendrie da Benjamin Osuntokun, daga baya Adesola Ogunniyi. Sakamakon 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan suna da cutar, a Indianapolis kuwa kashi 8.24. A Benin, Maëlenn Guerchet ta jami'ar Limoges da abokan aikinta sun duba tsofaffi 502 a karkarar Djidja, suka sami kashi 2.6, aka buga a 2009. Wani binciken a Kwatano, kan mutum 1,139, ya sami kashi 3.7 a 2011. A wannan shekarar ce kuma aka buga na Zariya, wanda ya duba tsofaffi 322 ya sami kashi 2.79. Alƙaluman ba su da girma, sai dai yawan tsofaffi yana ƙaruwa. Ƙungiyar duniya ta masu fama da cutar Alzheimer ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.13 ne ke ɗauke da cutar a Afirka kudu da Sahara a 2015, kuma za su haura miliyan 7 a 2050.

Hanyar ganyen zuwa kantin magani

Duniyar Musulmi ta san wannan tsiro tun kafin Turai ta damu da shi. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus wanda ya rasu a 1248, ya siffanta wani nau'insa da ake dangantawa da Indiya, wanda ya gani ana shukawa a lambunan Masar ana kiransa hashisha, ya kuma yi gargaɗin cewa yawan shansa yana gusar da hankali. Malaman fiƙihu suka yi ta muhawara a kan hukuncinsa. Wanda ya fi shafar ƙasar Hausa a cikinsu shi ne Shihabuddin al-Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a 1285. A littafinsa al-Furuƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi irin giya, da mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da mai kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani. Ya sanya hashisha a gida na biyu. Bambancin yana da nauyi, domin a wurinsa hukunce-hukunce uku sun keɓanta ga gida na farko: haddi, da najasa, da haramcin ko da ɗan kaɗan ne. Wasu malaman Malikiyya sun saɓa masa, haka Ibn Taimiyya ya haɗa hashisha da giya a hukunci ɗaya, amma rabon al-Ƙarafi ya shiga sharhohin da ake karantawa a zaurukan Afirka ta Yamma.

Likitancin Turai ya karɓi ganyen ne ta hanyar mulkin mallaka. A 1839 William O'Shaughnessy, likita ɗan Ailan da ke koyarwa a Kalkata, ya bayyana gwajin da ya yi da shi a kan dabbobi, sannan a kan masu ciwon gaɓɓai da sanƙarau na tsatsa da farfaɗiyar jarirai. Daga nan tsimin ganyen ya bazu a kantunan magani na Ingila da Amurka. A Faransa, Jacques-Joseph Moreau, wanda ya yi tafiye-tafiye a Masar da Sham, ya buga littafi a 1845 a kan hashisha da taɓin hankali, bayan ya sha da kansa don ya ɗanɗani abin da majinyatansa ke ji. A arewacin Ingila kuma Thomas Clouston, shugaban wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Carlisle, ya gwada haɗa tsimin da gishirin buromaid don kwantar da majinyata masu fizge-fizge, yana auna nauyinsu da zafin jikinsu da bugun jininsu, aikin da ya jawo masa lambar yabo a 1870.

Amma wanda ya fi kusa da batun tsofaffi shi ne John Russell Reynolds, likitan fadar Sarauniya Biktoriya, wanda daga baya ya shugabanci majalisar manyan likitocin Landan. A 1890 ya rubuta maƙala a mujallar Lancet yana taƙaita abin da ya gani cikin shekara talatin yana ba da wannan magani. A cikinta ya zana hoton tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa: da rana yana cikin hankalinsa daidai gwargwado, da dare kuwa sai ya kwanta ya tashi, ya yi ta birkita tufafinsa da akwatunansa, yana ganin akwai wani alkawari da ya wajaba ya fita ya cika. Reynolds ya ce bai sami abin da ya kai ɗan madaidaicin awo na tsimin wannan ganye amfani ga irin wannan majinyaci ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai gigin tsufa a Toumboutou ko a Katsina zai gane tsohon nan nan take, har da ɗaurin kayan tafiya. Sai dai maganar Reynolds shaidar likita ɗaya ce, ba a kwatanta majinyatansa da wasu da ba a ba maganin ba. Shi da kansa kuma ya ambaci matsalar da za ta kashe maganin: ƙarfin ganyen yana bambanta daga wannan kaya zuwa wancan, har awon da bai yi wa mutum komai ba yau ya iya bugar da shi gobe. Shawararsa ita ce a riƙa saye daga wuri ɗaya, a fara da ɗan kaɗan, a ƙara sannu a hankali.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Ganyen ba ya narkewa a ruwa, don haka ba a iya yin allura da shi, a daidai zamanin da allura ta zama alamar likitan zamani. Masana'antun Jamus suka fito da magungunan barci da na ciwo masu tabbataccen awo, irin su asfirin a 1899 da babital a 1903. A taron Janiba na 1925 wakilin Masar, Muhammad al-Gindi, ya dage cewa hashisha ce ke jawo babban kaso na hauka a ƙasarsa, aka shigar da ita cikin yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi. Ingila ta cire ta daga kundin magungunanta na hukuma a 1932, Amurka a 1942. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sanya ta a rukunin da ya fi kowane tsanani, tare da hiroyin. Tambayar da Reynolds ya tayar ta kwanta kusan shekara ɗari ba wanda ya amsa.

Hanyar ganyen zuwa bakin Kwara

Ta ƙasar Dendi ne ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fataken Gwanja ta bi. Ayarin Kano da Sakkwato yakan ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, ya ratsa Bargu, ya bi ta Djougou zuwa Salaga, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da gabu, ya dawo da goro. Goro da taba su ne abubuwan motsa jiki da wannan duniya ta sani. Taba ma har ta jawo fatawa, domin Ahmad Baba na Tumbutun Mali ya rubuta a farkon ƙarni na 17 yana halatta ta. Tabar wiwi kuwa, masana tarihinta sun nuna baƙuwa ce a Afirka ta Yamma, duk da ta daɗe a gabashi da kudanci da tsakiyar nahiyar. A Saliyo aka fara ganinta a tsakiyar ƙarni na 19, da sunan diamba, wanda 'yantattun bayi daga yankin Kwango da Angola suka zo da shi. A Nijeriya da Gana ba ta bazu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akan danganta hakan ga sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama ta Indiya, ko da yake matuƙan jiragen ruwa na gaɓar teku ma suna da nasu kason.

Harshen kansa ya riƙe shaidar wannan baƙunta. An ce tabar wiwi, wato an rataya sabon abu a wuyan tsohon da aka sani, kuma ana kyautata zaton wiwi aro ce daga bakin mutanen gaɓar teku. A nan ɗalibi ya kula da wani tarko: rama, wadda ake kwaɗo da ganyenta ana igiya da ɓawonta, sunanta na kimiyya yana nuni ga wiwi saboda ganyensu ya yi kama, amma ba dangi ba ne, ita 'yar gidan kuɓewa da yakuwa ce. Tsiron da Bahaushe ya daɗe da saninsa da juya hankali shi ne zaƙami, wanda laƙabinsa haukata-yaro ya isa bayani. Ma'anar duk wannan ita ce wiwi ba ta shigo ta hannun boka ko wanzami ko ungozoma ba, balle ta sami gurbi a jakar magani. Ta tashar mota da bariki ta shigo, ta zauna a bakin 'yan tauri da 'yan daba, sunanta ya ɓaci tun ran fari.

Likitocin farko da suka yi rubutu a kanta a Nijeriya masu duba taɓin hankali ne. Thomas Adeoye Lambo, wanda ya kafa tsarin jinya na ƙauyen Aro a Abekuta a 1954, inda majinyaci ke zama a gidajen ƙauye tare da ɗan uwansa, ya buga maƙala a 1965 a mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsalolin wiwi a Afirka ta Yamma. Abin da shi da takwarorinsa suke gani a asibiti samari ne da suka rikice bayan sun sha. Doka ta bi sawu. Tun 1935 Turawa sun sanya ta cikin dokar ƙwayoyi masu haɗari, amma a 1966 gwamnatin soja ta Janar Ironsi ta kafa doka ta musamman wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, da aƙalla shekara 10 ga mai sha. An sassauta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, Benin kuma ta yi tata dokar ƙwayoyi a 1997. Tsananin bai hana yaɗuwa ba: binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6. Saboda haka a Landan ta 1890 ganyen maganin kwantar da tsoho ne, a bakin Kwara kuwa abin da ke haukata saurayi ne, kuma kowane ɓangare yana da abin da ya gani da ido.

Dawowar tambayar

Abu biyu suka farfaɗo da batun. Na farko ilimin sinadarai ne. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni a Isra'ila suka ware THC, sinadarin da ke bugarwa, shekara ɗaya bayan an gano ƙirar CBD, wanda ba ya sa maye. Tsakanin 1988 da 1992 aka gano cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu maƙalai da THC ke kamawa, kuma jiki yana ƙera nasa sinadarin mai kama da shi, wanda ke da hannu a barci da ci da tsoro da jin ciwo. A 1985 Amurka ta amince da magunguna biyu da ake haɗawa a masana'anta, dronabinol da nabilone, don tsayar da aman masu jinyar daji. Matsalar Reynolds ta awo ta warware ke nan, tunda kowace ƙwaya an san miligiram nawa ke cikinta.

Na biyu shi ne gazawar abin da ake da shi. Tun da aka fito da Largactil a Faris a 1952, magungunan taɓin hankali suka zama abin da ake ɗura wa tsoho mai rikicewa. A 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta tattara gwaje-gwaje 17, ta ga cewa sababbin magungunan wannan jinsi suna ƙara haɗarin mutuwar masu gigin tsufa da ninki 1.6 zuwa 1.7, ta sa a buga gargaɗi a jikin kwalinsu, a 2008 kuma ta haɗa da tsofaffin magungunan. Rahoton Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa a Birtaniya ana ba mutum 180,000 irin waɗannan magunguna, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 kowace shekara. Dole aka shiga neman wata mafita.

Gwajin farko na zamani an yi shi ne don wata manufa dabam. A 1997 Ladislav Volicer ya ba masu cutar Alzheimer 15 da ke ƙin abinci dronabinol a wani asibitin tsofaffin sojoji a jihar Massachusetts, don ya ga ko za su ci. Nauyinsu ya ƙaru, aka kuma lura rikicewarsu ta ragu. A 2015 masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan suka raba mutum 50 gida biyu, wasu aka ba su THC miligiram 4.5 a rana har mako uku, wasu aka ba su ƙwayar wofi mai kama da ita, ba majinyaci ko mai jinya da ya san wadda aka ba shi. Ba a ga wani bambanci ba. A 2019 Nathan Herrmann da Krista Lanctôt a Toronto suka gwada nabilone a kan mutum 39, rikicewa ta ragu, amma kashi 45 cikin 100 sun yi fama da yawan barci a lokacin da suke shan maganin, a kan kashi 16 lokacin ƙwayar wofi. Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa, domin tsohon da barci ya danne shi ma ba ya ihu, kuma ba lallai ne ya sami sauƙi ba, mai jinyarsa ne ya samu. A 2021 masu tace bincike na Cochrane suka sami gwaje-gwaje huɗu kacal da suka cika sharaɗi, masu mutum 126 gaba ɗaya, suka ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Bayan haka an sami ƙarin haske: gwajin Isra'ila na 2022 da wani mai wanda CBD ya rinjaya a cikinsa, kan mutum 60 har mako 16, da na jami'o'in Johns Hopkins da Tufts kan mutum 75 da aka ba dronabinol miligiram 5 sau biyu a rana, wanda aka sanar a 2024. Duka biyun sun nuna raguwar rikicewa. Duk da haka ƙananan gwaje-gwaje ne masu gajeren zango, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya shafi hayaƙin ganyen da ake naɗewa a takarda. Wancan ba a san ƙarfinsa ba, kuma THC mai yawa yana ƙara ruɗewa da jiri da faɗuwa, abubuwan da suka fi kome haɗari ga tsoho.

Tazarar da ke tsakani

Gwaje-gwajen nan duka an yi su ne a Amurka da Kanada da Holan da Isra'ila, yawanci a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda Jiska Cohen-Mansfield ta tsara a shekarun 1980, jerin halaye 29 ne da mai jinya ke faɗin sau nawa ya gani cikin mako biyu: kai-komo, ƙoƙarin fita, ihu, zagi, duka, maimaita tambaya, ɓoye kaya, tuɓe tufafi da sauransu. An gina shi ne a kan ma'aikaciyar jinya wadda ba ta da dangantaka da majinyaci, kuma aikinta ne ta rubuta abin da ta gani. A gidan Dendi ko na Hausa mai jinya takan zama 'ya ko jika ko matar ɗa. Matar ɗa da ba ta iya kiran sunan surukinta, da wuya ta buɗe baki ta gaya wa baƙo cewa Baba ya tuɓe a tsakar gida sau uku a makon nan, ko ya yi mata ashar. Za ta ce jiki da sauƙi, ta sunkuyar da kai. Kunyar da ke rufa wa tsoho asiri ita ce kuma za ta ɓata lissafin mai bincike. Haka nan kai-komo a dogon barandan gidan tsofaffi na Toronto abu ne dabam da fitar dare a ƙauyen da kogi ke bayan gida, inda damina ke cika fadamu da ruwa.

Sannan akwai nisan likita. Babban asibitin masu taɓin hankali na Benin, wanda aka fi sani da Jacquot, yana Kwatano, fiye da kilomita 700 daga Malanville. Asibitin koyarwa na Parakou ya fi kusa, amma shi ma tafiyar sa'o'i ce. Cibiyoyin ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, tsohon mai facin taya da ya shahara da kwance masu taɓin hankali daga mari, akwai ɗaya a Djougou. A tsallaken iyaka akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato da asibitin ƙasa na Yamai, sai dai rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya mai da ƙetarewa aikin kwalekwale. Abin da ke kusa da hannu shi ne mai tallar magani a kasuwa, da ƙwayoyin barci irin su Valium, waɗanda ke ƙara wa tsoho ruɗewa su kayar da shi. Alhali abin da likitocin tsofaffi ke fara nema idan mai gigin tsufa ya rikice ba ya bukatar sabon magani: ciwon da ya kasa faɗa, fitsarin da ya riƙe, bayan gida da ya ƙi fita, zazzaɓi, yunwa, ko duhun ɗaki ga idon da yana ya rufe.

Doka ma ba ta matsa ba. A watan Disambar 2020 kwamitin miyagun ƙwayoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya cire wiwi daga rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tana da amfanin magani. Maroko da Afirka ta Kudu sun goyi baya. Nijeriya da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa sun ƙi. Lesotho ta fara ba da lasisin noma ta don magani tun 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Gana kuma ta buɗe ƙofa ga nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Idan wata rana ƙwayar dronabinol ko man CBD ya iso kantin magani na Malanville da takardar likita, tambayar farko da magidanci zai yi ba ga likita zai kai ta ba, ga limamin unguwa zai kai, kuma limamin zai buɗe sharhin Mukhtasar Khalil ne a babin tsarki, inda rabon nan na al-Ƙarafi tsakanin mai sa maye da mai ɓata hankali yake a rubuce, tare da saɓanin da aka yi masa.